Ina Ya Dace a Kafa Tasha? Abin da Ya Kamata Mutanen Madarumfa Su Sani

Duk motar da ta taso daga Katsina ta nufi Maraɗi, da zarar ta wuce Jibiya ta ƙetare iyaka, ƙasar Madarumfa take takawa har ta kusa shiga birni. Ta nan masara da kayan masarufi ke hawowa daga kasuwannin Kano da Katsina, ta nan kuma wake da aya da riɗi da dabbobi ke gangarawa kudu. Layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi shi ma wannan tsakanin zai ratsa. Gwamnatin Najeriya ta amince da aikin a watan Satumba na 2020 a kan kimanin dalar Amurka biliyan 1.96, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangila, aka aza harsashi a watan Fabrairu na 2021. Tsawon layin kilomita 284 ne, ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya, sannan ya shigo Nijar.

Inda jirgi ya tsaya, nan mota za ta je ta jira shi. Inda mota ta tsaya kuma, nan ɗan kabu-kabu zai kafe babur, mai shayi ya ajiye tebur, mai tuwo ta girka tukunya. Saboda haka maganar wurin da za a kafa tasha, ta jirgi ce ko ta mota, tana nan tafe ga mutanen wannan gunduma, ko sun shirya mata ko ba su shirya ba. Abin da ke damuna shi ne idan aka tayar da zancen sabuwar tasha, hankalin jama'a kan tafi ga gini: rumfuna nawa, shaguna nawa, wa zai samu, wa zai rasa. Filin da za a ɗora ginin kuwa sai a bar wa mutum uku ko huɗu su yanke a ofis. Alhali rufin da ya yi yoyo ana sake shi, shagunan da suka yi kaɗan ana ƙara wasu, amma tashar da aka kafa a mugun wuri babu mai ɗaukarta ya mayar wani waje. Ko dai a zauna da wahalarta har jikoki, ko kuma a watse a bar ta ga awaki.

Mene ne aikin babbar tasha?

Aikinta shi ne ta haɗa tafiya da tafiya. A ɗauki matar da ta fito daga wani ƙauye na ƙasar Gabi za ta Yamai duba ɗanta. Babur zai fito da ita bakin hanya, ƙaramar mota ta kawo ta Maraɗi, sannan ta shiga babbar bas. Muddin tana cikin mota a zaune take. Wahalarta duk tana wurin sauyi: sauke kaya, neman mai ɗauka, ciniki, jira, tambayar inda motar gaba take. A Maraɗi, kamar a Yamai da Damagaram, manyan kamfanonin bas irin su Rimbo kowane da tasharsa, ƙananan motocin ƙauyuka kuma da nasu wuraren lodi. Dole ta sake biyan adaidaita ta ratsa gari da kayanta, abin hawa ya zama huɗu a tafiya ɗaya. Tasha mai kyau ita ce wadda ta taƙaita wannan tazara ta koma ƴan taku a cikin shinge ɗaya. Da wannan ake auna ta, kuma wurin da aka kafa ta shi ke yanke ko za ta iya ko ba za ta iya ba.

Mutanen Legas sun gane haka a Oshodi. Shekara da shekaru nan ne jama'a ke sauya mota, cikin cunkoso da hayaniya. Da gwamnatin jihar ta tashi gyara, a daidai wurin ta gina babbar tasha mai sassa uku da gadojin ƙafa da ke haɗa su, aka buɗe ta a 2019. Inda jama'a suka riga suka taru ta bi su.

Shin gari ba ya bin tasha?

Masu son a kai tasha bayan gari suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. A 1911 layin dogo ya iso Kano. Turawa ba su shigar da shi cikin ganuwa ba, a gabas da birni suka kafa tasha a fili. Cikin ƴan shekaru kantunan kamfanoni suka kewaye ta, Sabon Gari ya tashi, Kantin Kwari ya kafu, dalar gyaɗa ta miƙe a gefen layi. Kasuwar Kurmi, wadda ta yi ɗaruruwan shekaru tana karɓar fatake daga Agadas da Gwanja, ta ga nauyin ciniki ya karkata zuwa wajen ganuwa. A Zariya ma haka aka yi, Sabon Gari ya girma a gefen tasha, nesa da tsohon birni. Gyaɗar Maraɗi kanta ta Kano take bi ta hau jirgi zuwa Legas, kafin Faransawa su karkatar da ita ta Faraku da Kwatano a shekarun 1950. Daga nan ne ake cewa a kai tasha ko'ina, gari zai bi ta.

Sai dai tashar Kano ta ja gari ne domin a lokacin babu abin da ke gasa da jirgi. Ko ka kai gyaɗarka tasha, ko ka ɗora wa jaki da raƙumi. Fasinjan yau kuwa yana da zaɓi, ga mota, ga babur, ga adaidaita, duk suna tsayawa a ƙofar gidansa.

A dubi jirgin Abuja zuwa Kaduna, mai kilomita 186, wanda aka buɗe a watan Yuli na 2016. Tashar Kaduna tana Rigasa, can gefen yamma da gari, ta Abuja kuma tana Idu, nesa da tsakiyar birni. Mai tasowa daga Kawo ko Barnawa sai ya ratsa Kaduna kafin ya ga jirgi, in ya sauka a Idu kuma wata tafiyar ce sabuwa. Jama'a sun yi cincirindo duk da haka, amma babban abin da ya tura su shi ne tsoron masu garkuwa da mutane a hanyar mota. Jirgin cikin birnin Abuja da aka buɗe a 2018 bai samu irin wannan turin ba. Tashoshinsa da dama suna nesa da unguwannin da jama'a ke zaune, fasinja ya yi ƙaranci, ya tsaya a 2020 lokacin korona, sai a watan Mayu na 2024 aka sake tayar da shi. Mu ma a Nijar muna da namu misalin mai ɗaci. An gina tashar jirgi a Yamai, an shimfiɗa layi kimanin kilomita 140 zuwa Doso, an yi bikin ƙaddamarwa a farkon 2016. Amma ba a haɗa layin da na Faraku ba, don haka bai zama hanyar fasinja da kaya ba. Ginin yana nan, abin da zai sada shi da duniya ne babu.

Lissafin fasinja da lissafin direba

A nan ne gizo ke saƙar. Hukuma kan duba kuɗin fili da kuɗin gini, ta ga fili ya fi araha a bayan gari, ta ce ta yi tsimi. Fasinja kuwa daga ƙofar gidansa yake fara lissafi, har ƙofar inda za shi. Masana tsara birane kan ɗauka cewa mutum zai yarda ya taka mita 400 zuwa 800 zuwa tasha, wato tafiyar minti 5 zuwa 10. In ta wuce haka sai ya nemi abin hawa. Wannan ma ga mai tafiya hannu rabbana ke nan. Mace mai goyo da kwandon kifi a ka, cikin zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, ko rabin wannan ya ishe ta.

Bari mu buga misali. A ce an kai tasha kilomita 4 daga tsakiyar gari, kabu-kabu ya koma sefa 250 zuwa, 250 dawowa. Mai kai zogale ko kifi Maraɗi kwana 20 a wata ta ƙara jika 10 ke nan a kan kuɗin motarta, kafin ta sayar da ko ƙulli ɗaya. A ce kuma mutum 300 ne ke biyan wannan kuɗi kowace rana: sefa 150,000 a yini, kusan miliyan 55 a shekara. Hukuma sau ɗaya za ta biya kuɗin fili. Wannan kuwa kowace shekara ake biyansa, kuma daga aljihun waɗanda suka fi kowa rashi yake fita. Ba ya bayyana a takardar kwangila, shi ya sa ba a cika tuna shi ba.

Direba ma yana da nasa lissafin, kuma shi ne ke kashe tasha ko ya raya ta. Motar haya a ƙasarmu ba ta tashi sai ta cika. Direban da ya bi doka ya shiga layi a tasha mai nisa zai wuni yana jiran mutum biyun ƙarshe, yana kallon abokinsa da ya tsaya a bakin kasuwa ya cika ya tafi ya dawo. Kwana nawa zai jure? Da ɗaya ya fita, na biyu zai bi, ƴan kamasho su bi su, masu abinci su bi ƴan kamasho. Daga nan sai lodin bakin hanya ya zama shi ne tasha ta gaskiya, ba inuwa, ba makewayi, ba mai karɓar haraji. Ma'aikatar magajin gari ta yi asarar kuɗin shiga, ta koma tura ƴan sanda suna kamu, direbobi suna gudu da fasinja a ciki. Ana kiran wannan taurin kan direbobi. Ni a ganina laifin na wanda ya zaɓi fili ne, domin ya umarci mutum ya je neman abinci inda babu abinci.

Maganin wannan ba shi da tsada. Kafin a zaɓi wuri, a zaunar da matasa da littafi da alƙalami a kowace mashigar gari, su rubuta motoci da babura da amalanke da ke shiga da fita, su tambayi matafiya daga ina, zuwa ina, da wane kaya. A yi ranar kasuwa, a yi ranar da ba kasuwa. A yi da damina, a yi da kaka lokacin da amfanin gona ke fita, a yi da rani. Idan aka zana amsoshin a kan taswira, wurin da hanyoyin jama'a suka gamu zai fito da kansa. Sau da yawa za a tarar wurin nan ne da direbobi suka riga suka mayar tasha ba tare da izinin kowa ba.

To a kafa ta a tsakiyar kasuwa ke nan?

A'a. Tsakiyar gari tana da nata sharrin. Gingimari mai ɗauke da tan-tan na siminti ba ta da abin yi a lungun da yara ke tafiya makaranta. A yankin iyaka irin namu, inda ake sayar da fetur a kwalabe da jarkoki a bakin hanya, tashar da ta matse tsakanin rumfunan kasuwa gobara take jira, kuma in ta tashi motar ƴan kwana-kwana ba za ta samu mashiga ba. Ga kuma tsaro. Harin da aka kai tashar manyan bas ta New Road a Sabon Garin Kano ranar 18 ga Maris 2013, da na tashar Nyanya kusa da Abuja a watan Afrilu na 2014, sun nuna abin da ke faruwa a wurin da jama'a suka cunkushe ba shinge ba bincike. Amma tashar da ke can cikin gonaki ita ma ba mafaka ba ce. A gundumar da ƙauyukanta na kudu, wajen dajin Baban Rafi, suka sha fama da ƴan bindiga, babu mai son a sauke iyalinsa bayan isha'i a filin da babu gida ko ɗaya kusa.

Abin da ya fi dacewa shi ne a raba mutane da kaya. Tashar fasinja ta zauna a gefen kasuwa, inda ƙafa za ta kai, a bakin hanyar kwalta, da ƙofar shiga dabam da ta fita. Manyan motoci da lodin dabbobi da rumbunan ajiya su koma bayan gari a kan babbar hanya, inda za su juya ba tare da sun shiga unguwa ba. Buhu bai damu da ƙarin kilomita 3 ba, tsohuwa mai ciwon gwiwa kuwa ta damu.

Ruwa

Wannan shi ne abin da na fi so mutanen Madarumfa su riƙe, domin ƙasarsu ƙasar gulbi ce. Tsohon garin Maraɗi a cikin kwarin gulbi yake zaune. A 1945 ambaliya ta cinye shi, aka tashi garin aka mayar da shi kan tudu inda yake a yau. Titunan tsakiyar birnin da ake gani a miƙe, a yanke daidai wa daida, daga wancan sabon zama suka samo asali. Birni guda ke nan ruwa ya tilasta wa ƙaura, ballantana tasha.

Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya, ya shigo Nijar ta wannan gunduma, ya wuce Maraɗi da Tibiri da Gidan Runji, sannan ya koma Najeriya ya faɗa kogin Rima. Ma'ana ruwan da zai ci fili a Madarumfa ba lallai ne a nan aka yi shi ba. Ana iya kwana da sama garau a wayi gari gulbi ya kawo. A watan Yuli na 2018 ambaliya ta kashe mutum sama da 40 a Jibiya cikin dare ɗaya. A daminar 2024 kuma jihar Maraɗi na cikin waɗanda ruwa ya fi yi wa ɓarna a duk faɗin ƙasa.

Matsalar ita ce masu awon fili da rani suke zuwa, lokacin da ko'ina ya bushe ya yi shimfiɗe kamar faifai. Filin da ya fi kowane faɗi da laushi da araha, sau da yawa shi ne kwanciyar ruwa, kuma dalilin da ya sa kakanni ba su gina komai a kansa ba ke nan. A je a duba fili a watan Agusta, washegarin babban ruwa. A tambayi dattawan unguwa inda ruwa ya tsaya a shekarun da suka fi kowane ambaliya, za su nuna da sanda. A duba hanyar da ke kaiwa filin ita ma, domin tasha a kan tudu ba ta da amfani idan sai an ratsa kwari kafin a kai gare ta. Sannan a tuna cewa ita kanta tasha tana ƙara ruwa. Gona tana shanye ruwan sama, filin da aka dabe da siminti da kwalta kuwa tura shi yake gaba. Idan ba a haƙa magudana tun farko ba, gidajen da ke ƙasa da tasha su ne za su karɓe shi.

Ga kuma tabki. Tabkin Madarumfa yana ciyar da masunta da masu lambu da makiyaya. Tun 2006 Nijar ta sanya shi, tare da dajinsa da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya, a 2019 kuma ya shiga jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar. Kowace tasha tana zuwa da bakanikai da masu wankin mota da baƙin mai da leda. Idan gangaren filin ya fuskanci tabki, ruwan farko na damina can zai kai su duka. Masu ziyara suna buƙatar hanya mai kyau zuwa bakin tabki da wurin ajiye mota, wannan gaskiya ne, amma gareji da wurin juye baƙin mai ba su da wuri a can. Haka ƙasar fadama, irin ta Jiratawa da ke ba Maraɗi zogale da kayan miya rani da damina. Irin wannan ƙasa kaɗan ce a Nijar, kuma in aka zuba mata siminti ba ta dawowa. Tasha a kan fako ya kamata ta zauna.

Filin wa za a ɗauka?

Babu filin da ba shi da mai shi a wannan yanki. A ƙidayar 2012 birnin Maraɗi na da mutum 267,249, gundumar Madarumfa kuma sama da 400,000, kuma a lokacin yawan jama'ar ƙasar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 a shekara, wato yana ninkawa kafin a cika shekara 20. Gonaki sun riga sun tsuke, gado yana ƙara yanka su. Wannan yana nufin abu biyu. Tashar da aka yanka wa fili daidai buƙatar yau za ta cika ta tumbatsa tun waɗanda suka gina ta suna raye, don haka a ware fili mai yalwa tun yanzu, a kewaye shi, ko da rabinsa kawai za a gina. Na biyu kuma, duk filin da aka ware abincin wani gida ne.

Doka ta san da haka. Dokar ƙwace fili don amfanin jama'a mai lamba 61-37 ta 1961, wadda aka yi wa gyara a 2008, ta tanadi a yi bincike a fili, a ji ta bakin masu wurin, a biya diyya ta adalci kafin a karɓa. Dokar karkara ta 1993 kuma ta kafa hukumomin kula da filaye, waɗanda ake kira Kofo, a yau kuma akwai su tun daga ƙauye har gunduma. Manomin da gonarsa ke kusa da inda layin dogo ko sabuwar hanya za ta bi, ya je ya yi mata takarda a Kofo tun yanzu. Kada kuma ya yi gaggawar sayarwa ga baƙon da ya zo da kuɗi a hannu yana taya gona fiye da yadda aka saba. Labarin inda za a kafa tasha kan riga sanarwa fita, kuma waɗanda suka fara ji su ne ke saye gonakin kewaye da araha su yanka fuloti. Wani lokaci ma abin juyewa yake yi: mai fili ne ke jan tasha zuwa filinsa. Idan aka ga an zaɓi wurin da ba ya kusa da kasuwa, ba ya kan mahaɗar hanyoyi, direbobi kuma ba su san dalili ba, jama'a na da haƙƙin tambayar gonakin da ke kewaye na su wane ne, kuma yaushe suka saye su.

Akwai kuma waɗanda ba su da takardar komai amma tsohuwar tasha ce gonarsu: masu tuwo da fura, masu ƙosai, ƴan dako, masu faci, masu turin kura. Idan za a tashi tasha, a ƙidaya su da sunayensu kafin a raba rumfuna, in ba haka ba masu hannu da shuni za su kwashe rumfunan su ba su haya.

Iyaka tana buɗewa, tana rufewa

Duk mai tsara tasha a nan dole ya sa wannan a lissafi. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ƙofar Jibiya kuwa ba a buɗe ta ba sai a watan Afrilu na 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, har zuwa watan Maris na 2024. A tsakanin waɗannan shekaru, watannin da ƙofar ta yi a rufe sun fi waɗanda ta yi a buɗe nesa ba kusa ba. Tashar da aka gina da bashi bisa zaton motocin ƙetare ne za su biya, ranar da aka rufe iyaka ta zama kufai, bashin kuma yana nan. Wadda ta dogara da zirga-zirgar cikin gida, ta kasuwannin mako da masu zuwa asibiti da makaranta a Maraɗi, ita ce ke rayuwa ko an rufe ko an buɗe.

Shi ya sa ban ga dalilin da zai sa garuruwan gundumar su yi ta ja-in-ja a kan tasha ɗaya ba. Babbar hanyar Maraɗi zuwa Jibiya ta Ɗan Isa take bi, can duwan take, don haka can ne wurin manyan motoci da rumbunan kaya. Maraɗi, da ke kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, ita ce mahaɗar tafiya mai nisa, kuma ba ta fi kilomita 25 daga Madarumfa ba. Abin da garin Madarumfa ke buƙata shi ne tasha madaidaiciya a kan tudu kusa da kasuwa, da inuwa da ruwa da makewayi da fitila, da motoci masu tashi a kan lokaci zuwa Maraɗi da zuwa duk inda jirgi zai tsaya. Abu ɗaya ne ba zan sassauta a kansa ba: duk inda aka kafa tashar jirgi a wannan gunduma, tashar mota ta kasance a jikinta, mai sauka daga jirgi ya taka da ƙafa ya shiga mota. Filin da ke gaban tashar jirgi shi ne zai fi kowane tsada nan gaba. Idan hukuma ba ta ware shi yanzu ba, shaguna za su cinye shi, motoci su koma lodi a kan titi.

A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, don haka nauyin magana da yawun jama'a ya ƙaru a kan sarakuna da masu unguwanni da sandikar direbobi da ƙungiyoyin mata da na ƴan kasuwa. Ina kira gare su da su nemi a nuna musu taswira tun kafin a kawo bulo na farko, su nemi a faɗi filaye nawa aka gwada da dalilin da ya sa aka fifita ɗaya. Ku kuma masu karatu, ranar da aka kira taro a kan wannan magana ku je, ku tafi da direban da ke bin hanyar kullum, da matar da ke kai kaya kasuwa, da dattijon da ya san inda gulbi ya taɓa kaiwa, ku tabbata an ba su dama sun yi magana kafin a sa hannu.